Harufa Goma Sha Takwas Da Suka Mayar Da Ni Gona

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, ranar da kwamfuta mai lamba huɗu ta tsaya gaban dattawan Gwarzo ta ba da shaida a kaina. Ni nake goge mata ƙura kullum, ni na yanko tsohon zanen Inna na yi mata mayafi, ni nake kare ta daga yatsun ƙauyawa (ni ma daga Madadi nake zuwa a kan keke, amma a lokacin ba na lissafa kaina a cikinsu). Da ta tashi saka mini, sai ta bari sai da Baba ya zauna a layin gaba.

Dogon hutu ne, na gama aji biyar na sakandare. Ƙungiyar ci gaban gari ta buɗe wurin koyon kwamfuta a wani tsohon sito da ke bayan tasha. Kwamfuta goma ce, duk gwanjo, kowace da kalar ciwonta. Wata sai an mare ta take tashi, wata kuma in ta yi zafi sai ta riƙa kuka kamar injin markaɗe. Man fetur ya yi wuya a shekarar, saboda haka awa biyu kacal ake kunna mana janareta, sauran lokacin Malam Sagir, malaminmu, yana zana mana kwamfuta a allo da alli, mu kuma muna kallon ta gaske a kashe.

Lokacin kuma an shigo da Shari'a da zafinta. Wanda bai taɓa zuwa jam'i ba ya ɗage wando, wanda gashi uku ne a haɓarsa yana taje su. Kwamitin wurin suka ce ba za a haɗa maza da mata ba, amma ɗaki ɗaya ne, sai aka rataya wani koren labule mai kauri a tsakiya. Lamba ɗaya zuwa shida namu, bakwai zuwa goma na mata. Aka rubuta doka a jikin ƙofa: duk wanda aka kama yana magana da ɗaya ɓangaren, ya ɗauki takalminsa, kada ya dawo.

Wannan dokar ta fi shafata fiye da kowa. Da ƙyar Baba ya bar ni na shiga, don ana tsakiyar noma na biyu. Ranar da ya amince, sai da ya ɗauko fartanyata ya rataye ta a bakin zaure inda zan riƙa ganinta safe da yamma.

"Ka je ka danna abin naka," ya ce. "Ranar da suka koro ka, ga ta nan, ba ta da wani miji sai kai."

Na kuwa dage. Cikin sati uku na zama gwanin aji, kuma na zama ustazun aji. Carbi a hannun hagu, linzamin kwamfuta a dama. Abokina Bala ya taɓa leƙawa ta wata 'yar huda a labulen, na tsare shi a waje na yi masa wa'azin da sai da idonsa ya kawo ruwa. Daga ranar ya koma kirana Ustaz, ni kuma ina amsawa ba kunya.

Abin da Bala bai sani ba, ni ba na buƙatar huda. Kwamitin sun raba ɗaki da labule, amma sun manta da shuɗiyar wayar da ta haɗa kwamfutocin goma, wadda ta bi ta ƙarƙashin labulen ta wuce abinta. Na kuma gano wata 'yar manhaja da ake aika gajeren saƙo daga kwamfuta zuwa kwamfuta. A lamba tara akwai Zulai, wata 'yar Masanawa da ke zaune gidan yayarta a Gwarzo. Sau biyu na taɓa ganin fuskarta, duka a bakin famfo, amma muryarta in tana amsa tambaya ta isa ta hana mutum fahimtar darasi. Na fara aika mata saƙo. Da zarar na aika sai in goge daga allona, in ja carbi, in kalli silin.

Kafin in kai ku ranar, sai na gaya muku yadda na haƙa ramin da hannuna.

A bayan kowace kwamfuta akwai wani ɗan kati da wayar take shiga, katin netwok. Katin ba ya aiki sai da wata manhaja da ke gaya masa abin da zai yi, ita ake ce wa direba. Katin lamba huɗu ya zo ba direbansa, Malam Sagir ya nema ya gaji, ya ce sai ya shiga Kano. Ni kuwa na zazzage kwalin da aka kawo kayan, na tsinci wani tsohon faifai ba ko suna a jikinsa, na zura, na yi ta danne-danne har fitilar katin ta kama. Ranar da ƙyar na shiga ƙofar gidanmu saboda girman kai. Malam ya ce tun da ni na tashe ta, ta zama tawa, kada kowa ya zauna a kanta.

Sai darasin ciko. Malam Sagir mutum ne mai sanƙo, kansa yana ƙyalli in ya yi gumi, kuma in yana bayani yana son misali da tasha. Ya ce saƙo ba ya tafiya a waya tsirara, sai an ƙunshe shi, kuma kowane ƙunshi yana da gurabe, gurbi ɗaya harafi ɗaya. Dokar wayar ita ce ƙunshi ba zai gaza gurbi sittin ba, sannan katin ya ƙara huɗu nasa na tantancewa a ƙarshe.

"Me ya sa sai sittin, Malam?" Muryar Zulai ce daga bayan labule.

"Saboda waya ɗaya kuke rabawa. In biyu suka yi magana lokaci guda, maganar ta cakuɗe, sai kowa ya sake. To in maganarka ta cika gajarta, za ka gama ka yi shiru kafin ka ji cewa wani ya katse ka daga can ƙarshen waya. Ka tafi kana zaton an ji ka, alhali ba a ji ba. Shi ya sa aka ce kowa ya ja maganarsa ta kai sittin."

"In ba ta kai ba fa?"

"Sai direba ya yi ciko. Kamar motar Kano ce, ba ta tashi sai ta cika. In fasinja bai kai ba, sai a cike kujerun da sifili."

Har nan na ji, na kuma rubuta. Bala ya rantse mini daga baya cewa Malam ya ci gaba, ya ce akwai ragwayen direbobi da ba sa wahalar zuba sifili, sai su tura ƙunshin da duk abin da suka tarar a mazubin, ragowar saƙon da ya gabata. Ban ji wannan ba. Lokacin ina rubuta wa Zulai cewa tambayarta ta fi amsar Malam daɗi.

Ranar Asabar ɗin kwamiti ya gayyaci iyaye su zo su ga abin da muke koya, su kuma tabbatar da idonsu cewa labule yana aikinsa, don an fara ƙananan maganganu a gari. Aka ce ƙarfe tara. Malam ya tada janareta tun tara saura, yana duba agogo yana duba tankin mai. Baƙi ba su zo ba sai sha ɗaya saura. Awa biyu ina zaune gaban lamba huɗu cikin farar shaddata ta Sallah, ba aikin yi, ga Zulai taku biyar daga inda nake. Ku da kanku kun san abin da ya faru. Saƙo bakwai na aika, ina gogewa ɗaya bayan ɗaya.

Suka shigo, aka yi gaishe-gaishe kamar ba za a gama ba, an tambayi gida, an tambayi ruwa, an tambayi gajiya. Shugaban kwamiti wani tsohon hedimasta ne mai ritaya, wanda har yau in ya yi gyaran murya manyan mutane suna gyara zama. Ya zauna a tsakiya, limamin unguwa a damansa, Baba a hagunsa da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure. Iyaye mata suna bayan labule tare da 'ya'yansu. Ba mu da majigi, sai aka ɗora allon kwamfutar Malam a kan benci biyu aka juyo da shi wajen baƙi.

Malam ya ce gwanin aji zai yi bayani. Na miƙe.

Jama'a, na yi bayani. Na kawo motar Kano, na kawo fasinja, na ƙara da kwandasta wanda ko Malam bai sa shi ba. Na ce yanzu Malam zai aika wa kowace kwamfuta 'yar sallama, ita kuma ta amsa. Amsar gajeriya ce, adireshi da sauran bayanan ambulan gurbi arba'in da biyu ne kawai, saura goma sha takwas a cike sittin.

"Waɗannan sha takwas ɗin," na ce, ina nuna allo da carbi, "za ku ga sifili ne zalla. Kwamfuta ba ta ƙarya, ba ta ƙari, ba ta ragi."

Liman ya gyaɗa kai. Baba ya kalli mutumin da ke bayansa don ya tabbatar ya san ɗan waye.

Malam ya aika wa lamba ɗaya. Sifili sha takwas suka jeru. Lamba biyu, haka. Nan ne Shaiɗan ya ja ni ta hanci.

"Malam, a gwada tawa. Alhaji, wannan lamba huɗun ni na tashe ta da hannuna bayan an fid da rai. Tun da aka buɗe wurin nan ba wanda ya taɓa zama a kanta sai ni."

"Ba kowa?" in ji Hedimasta.

"Ko ƙuda sai ya nemi izinina, Alhaji."

Aka yi dariya. Malam ya danna.

Ba sifili ko ɗaya. A gefen dama na allon, inda lambobi suke komawa harufa, sai ga rubutu ya fito. Na gane shi kafin in gama karantawa, kamar yadda mutum yake gane takalminsa a ƙofar masallaci.

"Karanta mana, gwani," in ji Hedimasta.

"Alhaji, wannan... shara ce kawai. Wani lokaci tana kawo shara."

"Ka ce ba ta ƙari."

Ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya matso da kujera. Da muryar da ya shekara talatin yana ba da shifta ya karanta: "Zulai ranki ya dad." Ya ɗago. "Ya daɗe ake nufi, ina ji. Wuri ne bai isa ba."

Bayan labule aka ji ƙarar awarwaro.

Malam Sagir ya sunkuya yana kallon allon, idonsa yana ƙyalli. Wallahi ba fushi ne a fuskarsa ba, murna ce, irin ta wanda ya daɗe yana ba da labarin aljani yau ga shi ya kama ɗaya.

"Alhaji, abin da nake gaya musu ke nan. Direban katin nan rago ne. Mazubai yake da su da yawa, yana ɗaukarsu bi da bi, kuma ba ya wanke su. Ya rubuta arba'in da biyunsa a sama, sauran ya bar abin da ya tarar. Wannan farkon wani saƙo ne da ya fita daga kwamfutar nan yau da safe. In na sake aikawa, mazubi na gaba zai ɗauko."

"Sake," in ji Baba.

Na ce, "Malam, mai zai ƙare."

"Akwai saura," in ji Baba, wanda bai taɓa ganin tankin ba.

Malam ya danna. Hedimasta ya karanta: "Ban yi barci ba ji."

"Jiya," in ji Bala daga baya, don taimako.

"Ƙarya ne," Baba ya ce a hankali. "Da ruwa aka tashe shi sallar asuba."

Danna na uku: "Gonarmu eka dari c."

Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube ni. "A ina take?"

Na kalli ƙasa.

"A'a, gaya mini, ɗan nan. Shekara arba'in ina fama da 'yar gonar bakin rafi, ashe akwai wata ban sani ba."

Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Na huɗu ya fito: "Babana yana da mot." Wani dattijo ya tambayi Baba ko a waje ya ajiye ta, Baba ya ce e, tana ɗaure a gindin dalbejiya tana cin harawa.

A nan na fara addu'ar janareta ya mutu. Wannan janaretan da kullum sai ya mutu sau uku kafin azahar, ranar aiki yake kamar sabo. Na san abin da ke mazubi na biyar, don ni na zuba shi.

Hedimasta ya matsa kusa, ya karanta a hankali: "Malam Kan Kwakwa y." Ya cire tabarau. "Wane ne kuma Kan Kwakwa?"

 Duk ɗakin, har Liman, idonsu ya tafi wuri ɗaya. Malam Sagir ya kai hannu ya shafa sanƙonsa, murnar kimiyya ta bar fuskarsa. Ya sa hularsa da ke kan tebur. Sannan ya danna na shida da ƙarfin da bai kamata ba.

"Baba yana zaton ka."

"Karatu nake," Baba ya ƙarasa. "Wannan ba sai inji ya cike mini ba."

Na bakwai ba a karanta ba, Liman ya ɗaga hannu ya ce ya isa, akwai mata a wurin. (Na gode masa har gobe. Waƙa ce, kuma da "Ya tauraruwar Masa" ta fara.)

Sai maganar ta ɗauki wani zafi. Wani daga cikin kwamiti, wanda dama tun farko bai so a sa mata ba, ya miƙe ya ce ga irin abin da yake gudu, a rufe ɓangarensu kawai a huta. Ni na yi laifi, su za a kora. Ina tsaye ina jin haka, kuma in gaya muku gaskiya, abin da na fara tunani shi ne ko hakan zai sa a manta da ni.

Muryar Zulai ta fito daga bayan labule. "Alhaji, a gwada tawa. Lamba tara."

Malam ya aika. Sifili sha takwas. Ya sake, ya sake, har sau bakwai. Sifili.

Malam ya buɗe baki zai yi bayani, na san abin da zai ce: direbanta mai kirki ne, ko ta rubuta ko ba ta rubuta ba sifili za a gani. Ya kalli mutumin da ke tsaye, ya kalli labule, sai ya rufe bakinsa ya gyara hula. Ni kaɗai na san cewa sifilin nan gaskiya suka faɗa. Sati uku ina aikawa, ko "waye" ba ta taɓa mayar mini ba. Abin da na samu a wurinta ke nan cif, an nuna wa duniya a allo.

"To," in ji Hedimasta, "ɓangaren mata lafiya lau. Matsalar tana sanye da farar shadda."

Ba a yi doguwar shawara ba, dokar tana jikin ƙofa, kuma ni ne na taɓa bin harufanta da jan biro don su fito sosai. Na ɗauki takalmina. Ina fita Bala ya matso ya raɗa mini, "Ustaz, ka manta carbinka." Malam Sagir kuma ya biyo ni har bakin ƙofa, na zaci zagi zai yi. Sai ya ce in ba shi faifan nan, yana so ya riƙa koyar da darasin ciko da shi. Na ji labari har yanzu yana yi, kuma sunan da ɗalibai suka sa wa direban sunana ne.

A hanyar Madadi Baba ya karɓi keken ya hau, ni ina binsa a ƙasa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Sai da muka wuce gada ya ce, "Ni ban san kwamfuta ba. Amma ko mai ƙosai in za ta ƙunsa maka a takarda, tana duba abin da ke rubuce a jiki." Muka isa gida, ya sauko da fartanya daga bakin zaure ya miƙo mini da hannu biyu, kamar mai ba da kyauta.

"Gobe sai ka fara da eka ta farko. Saura casa'in da tara."

Na yi noma har aka yi girbi. Duk wanda ya wuce ta bakin rafi sai ya tsaya ya yi mini sannu, ya tambayi lafiyar mota. Zulai ta gama ta karɓi takardar shaida, aka ce ita ta zo ta ɗaya, kuma an ba ta kwamfuta mai lamba huɗu bayan Malam ya sa mata direban kirki.

Abin da na koya? Bala yana cewa tsoron Allah, Inna tana cewa kunya. Ni dai abin da na riƙe shi ne, goge allo ba wanke mazubi ba ne, kuma in malami yana bayani a saurara har ƙarshe, don rabin da ka bari shi ne wanda zai zo neman ka. Yanzu in magana ta ƙare mini a gaban manya kuma wuri ya rage, ba na lalubo abin da ke cikina in cike. Sifili nake zubawa, in yi shiru.